Ƙura Ɗaya, Huhu Daban-daban: Shawara Ga Masu Aikin Ƙarfe

A duk inda ake aikin ƙarfe, daga Panteka ta Kaduna zuwa kasuwar Katako ta Yamai, akwai hujjar da ake rufe bakin yaro da ita idan ya yi ƙorafin hayaƙi. Maigida zai nuna wani dattijo can gefe ya ce, "Ka ga Baba? Tun ba a haife ka ba yake walda, ko tari ba ya yi." Gaskiya ya faɗa, dattijon garau yake. Abin da ba a faɗa shi ne su wa suka fara aikin tare da shi, kuma ina suke yau. Wani ya bar sana'ar tun yana saurayi don ƙirjinsa ba ya ɗauka. Wani ya koma ƙauye da haki, aka yi ta maganin tarin fuka ba sauƙi, a ƙarshe aka ce jifa ne. Wanda ya rage a shagon shi ne wanda jikinsa ya jure, shi ya sa ake ganinsa. Masu binciken lafiyar ma'aikata sun daɗe da sanin wannan tarko: in waɗanda ke bakin aiki kaɗai ka ƙirga, kowace sana'a sai ka ce ba ta da illa.

Duk da haka tambayar tana nan. Me ya sa mutum biyu za su shaƙi ƙura ɗaya a rumfa ɗaya, wannan ya tsufa da ƙarfinsa, wancan huhunsa ya ƙandare tun bai aurar da 'yar fari ba? Mutanenmu kan ce kowa da irin jininsa, kuma a nan sun yi gaskiya fiye da yadda suke zato. Inda ake ɓata lissafi shi ne abin da ake ɗorawa a kan maganar, wai tunda jini ne ba abin da za a yi. Ni akasin haka nake gani. Tunda ba wanda ya san irin jinin da ya gada, ba wanda ya isa ya yi wasa da ƙurar.

Ƙarfen da ya fi koya wa likitoci wannan karatu sunansa beriliyom. Bai kai alminiyom nauyi ba, amma ya fi baƙin ƙarfe ƙin lanƙwasa, shi ya sa masu ƙera jiragen sama da tauraron ɗan adam da makaman nukiliya ke ji da shi. A shekarun 1940 ana sa shi a hodar da ake shafe cikin dogon ƙwan lantarki da ita. A garin Salem na jihar Masachusets a Amurka, ma'aikatan wata masana'antar ƙwan, galibinsu 'yan mata da matan aure matasa, suka fara rama da haki da busasshen tari. An zaci tarin fuka ne, aka duba ba a ga ƙwayar cutar ba. Sai aka ce sakodosis ce, wata cutar huhu da har yau ba a tantance musabbabinta ba. Wata likita, Harriet Hardy, ita ta bi diddigin abin, ita da abokin aikinta Irving Tabershaw suka wallafa bayanin mutum 17 a 1946, suka ce beriliyom ne. Maganar ba ta shiga da sauƙi ba, don shekara uku kafin nan hukumar lafiyar ƙasar ta fitar da rahoton cewa shi kansa ƙarfen ba guba ba ne. Masu musu kuma hujjarsu irin ta maigidan shagon walda ce: ga ɗaruruwan ma'aikata sun shaƙi hodar nan, ba abin da ya same su.

Ba a jima ba aka gano masu cutar a garin Lorain na jihar Ohayo, mutanen da ba su taɓa taka masana'antar da ke tace ƙarfen ba, maƙwabtaka kawai ta haɗa su da ita. Aka riƙa samun matan aure da suka kamu ta wajen kakkaɓe kayan aikin mazajensu da wanke su. Akawun ofis ya kamu, wanda ya yi shekaru hannunsa cikin hoda yana yawonsa lafiya. Guba da muka sani ba haka take ba, wanda ya fi sha shi ya fi jin jiki. A 1949 aka daina sa beriliyom a ƙwan lantarki, aka kuma tsayar da iyaka: kada ƙurarsa ta wuce maikirogiram 2 a kowane sararin iska mai tsawo da faɗi da zurfi na mita guda. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ana ba da labarin cewa masana biyu ne suka tsayar da adadin suna tafe a bayan tasi. Iyakar ta kusa kawar da mummunan kumburin huhu mai zuwa nan take, amma cutar mai cin mutum a hankali ba ta tsaya ba. Sai a 2017 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sauke adadin zuwa 0.2, kashi ɗaya cikin goma na wancan.

Dalilin wannan zaɓe da cutar ke yi ya fara fitowa fili a 1993, lokacin da wasu masu bincike 'yan Italiya, Luca Richeldi da Rosa Sorrentino da Cesare Saltini, suka duba ƙwayoyin gadon masu cutar. A jikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki akwai wani sinadari da ake kira HLA-DP. Aikinsa irin na mai unguwa ne: duk wanda ya shigo gari shi zai riƙo hannunsa ya kai shi gaban hakimi, a duba ɗan gida ne ko ɓarawo. Kowa yana da shi, sai dai siffarsa ta danganta da abin da mutum ya gada wajen uwa da uba. A jikin wasu mutane, a gurbi na 69 na sarƙar sinadarin akwai wani ɗan yanki mai suna gulutamik asid, masana na taƙaita shi da Glu69. Wannan gurbi yana jan beriliyom ya riƙe gam. Da ya riƙe, sai kamannin abin da yake nunawa su sauya, garkuwar jiki ta ga naman huhun mutum tamkar baƙon abu, ta far masa. Ƙarfen kuma ba ya saurin fita, yakan yi shekaru a huhu, don haka faɗan ba ya ƙarewa. Ƙananan ƙulluttai su tsiro, su zama tabo, huhu ya daina buɗewa yadda ya kamata. Wani cutar kan bayyana masa cikin watanni, wani sai bayan shekara ashirin ko fiye, ya ma manta ya taɓa aiki a wurin.

A wancan bincike, kashi 97 cikin ɗari na masu cutar suna ɗauke da Glu69, cikin abokan aikinsu masu lafiya kuwa kashi 30 ne. Binciken da suka biyo baya da mutane masu yawa sun sami adadi ƙasa da haka, galibi sama da kashi 70, amma alaƙar ta tabbata. An kuma ga wanda ya gaji alamar ta ɓangaren uwa da uba duka ya fi shiga haɗari, sannan waɗanda suka fi kowa kamuwa su ne masu alamar da ke aikin da ya fi tayar da ƙura, wato yanka da gurza. Gado kaɗai ba ya kawo ciwon. Mai Glu69 da bai taɓa shaƙar beriliyom ba zai rayu ya mutu bai san yana da wani abu ba, kuma irinsa sun kai mutum ɗaya cikin uku na jama'a.

To sai in je a gwada ni?

Wannan ita ce tambayar da mai hankali zai yi, musamman mu da muka saba da gwajin sikila kafin aure. Amsata a'a ce, kuma ga dalili. Gwajin sikila yana faɗa maka abin da ke akwai: wanda aka ce SS ne yana da cutar, ba tantama. Glu69 ba ya faɗa maka za ka kamu, rashinsa kuma ba ya faɗa maka ka tsira. A ɗauki ma'aikata dubu a matsayin misali kawai. Wajen 350 za su zo da alamar. A ce 50 ne cikin dubun za su kamu, 40 daga masu alamar, 10 daga marasa ita. In aka sallami duk masu alamar, an raba mutum 310 da abincinsu a banza, sannan an bar goman nan cikin ƙura riƙe da takardar da ke cewa ba su da matsala. Mai masana'anta kuma ya sami uzurin ƙin sayen injin zuƙe hayaƙi, tunda ai ya tace ma'aikatansa.

Wannan fargaba ba zato ba ce. A Amurka an kama wani kamfanin jirgin ƙasa yana yi wa ma'aikatan da suka yi ƙorafin ciwon wuyan hannu gwajin gado ba da saninsu ba, a 2002 ya amince ya biya dala miliyan 2.2. A 2008 ƙasar ta yi dokar da ta hana mai ɗaukar aiki amfani da bayanan gadon mutum wajen ɗauka ko kora. A Najeriya ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na gado cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Saboda haka in wurin aikinka suka ce za a ɗebi jininka, kana da haƙƙin ka tambaya: gwajin me za a yi, wa zai ga sakamakon, za a ba ni kofi? Ka tambaya cikin ladabi, amma ka tambaya.

Akwai wani gwajin jini daban da bai kamata a haɗa shi da na gado ba. Ana haɗa ƙwayoyin jinin mutum da beriliyom a ɗakin gwaji a ga ko za su harzuƙa. In sun harzuƙa, jikin ya riga ya haɗu da ƙarfen kuma ya ɗauke shi abokin gaba. Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai, don abin da ya riga ya faru yake nunawa, kuma wanda aka same shi haka ana ba shi shawarar ya nisanci ƙurar tun huhu bai taɓu ba. Sai dai ɗakunan gwaji ƙalilan ne a duniya ke yin sa.

Gwajin da ke hannunmu kyauta shi ne tarihin gida. Ƙira gado ce a ƙasar Hausa, zubin tukwane da walda ma yanzu sun zama haka, uba ya koya wa ɗa, wa ya jawo ƙane. Gidan da ke gadon sana'a yana gadon jini tare. Uban da ke da alamar a ɓangare ɗaya, kowane ɗansa yana da rabin yiwuwar ɗaukarta. Don haka in mahaifinka ko yayanka ya bar aikin nan saboda ƙirji, kada ka ce nasa tsautsayin ne. Ba lallai ne abin da ya same shi ya same ka ba, amma kai ne ya kamata ka fi kowa taka tsantsan a shagon, kuma ka faɗa wa likita wannan tarihi ko bai tambaya ba.

Ƙarafan da suka fi kusa da mu

Mai karatu zai ce ina ruwansa da ƙarfen makamin nukiliya. Beriliyom ya fi yadda ake zato yawo. Ana haɗa ɗan kaɗan ɗinsa, wajen kashi 2 cikin ɗari, da jan ƙarfe don yin sifirin da mahaɗan waya na cikin kayan lantarki, da sifana da guduma marasa tartsatsi da ake aiki da su a wuraren man fetur da gas. Yana cikin wasu gaurayen ƙarfe da masu haɗa haƙori ke narkarwa su goge. Riƙe irin wannan ƙarfe a dunƙule ba shi ne babban haɗari ba. Gurza shi, goge shi, ƙona shi da narkar da shi, nan ne matsalar. Mai haɗa haƙori ya karanta abin da aka rubuta a kwalin ƙarfensa, ya nemi wanda babu beriliyom a ciki, akwai su a kasuwa. Masu fasa tsofaffin kwamfuta da wayoyi da masu narkar da kayan jari-bola kuwa ba su da kwalin karantawa. Ba ka san asalin abin da ka jefa a wuta ba, sai ka ɗauka mafi muni ne.

Na biyu shi ne kobalt. Duba haƙoran zarton injin katako ko bakin abin huda kankare, za ka ga wani ɗan guntun ƙarfe mai duhu an liƙa. Garin tangstin kabaid ne aka ɗaure da kobalt, Jamusawa suka ƙirƙiro shi a shekarun 1920. Mai wasa irin waɗannan haƙora yana shaƙar kobalt, wanda kan jawo asma, kan kuma jawo tabon huhu mai tsanani ga wasu ƙalilan, wani lokaci matasa da ba su daɗe a aikin ba. An ga irin haka a shekarun 1980 wajen masu goge lu'ulu'u a birnin Antwaf na Beljiyam, bayan sun koma aiki da faifan guga mai kobalt. Wani bincike ya danganta wannan ciwo da Glu69 ɗin dai, ko da yake alaƙar ba ta kai ta beriliyom ƙarfi ba. Wani abu da mai wasa zarto ya kamata ya sani: kobalt yana narkewa cikin ruwan da ake sanyaya aikin da shi. In ruwa ɗaya ake ta juyawa mako da mako, feshin da ke tashi daga injin yana ɗauke da ƙarfen fiye da yadda ido ke gani. A riƙa canza ruwan, a kuma sa marfin da zai tare feshin.

Sai uwa uba, hayaƙin walda. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan adam ciwon daji, a nan na huhu. Waldar ƙarfe mai ƙyalli da ba ya tsatsa tana fitar da kuromiyom da nikel, masu jawo asma. Hayaƙin tsohon ƙarfe mai shafen kadmiyom yana iya kumbura huhu ya kashe mutum cikin kwanaki. Masu walda sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon sanyin haƙarƙari mai tsanani, har a Ingila ana ba su shawarar yin allurar rigakafinsa.

Akwai kuma zazzaɓin da kusan kowane mai walda ya sani ko bai san sunansa ba. Ka yi aikin ƙarfe mai shafen zinki da rana, irin bututun ruwa ko kwanon rufi, da dare sai sanyi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Washegari ko jibi ka ware. A wurinmu nan take ake cewa maleriya ce, a tafi kemis. Ka lura da kyau: in zazzaɓin yana bin irin aikin da ka yi ranar, hayaƙin zinki ne, kuma jikinka ne ke shaida maka yawan abin da kake shaƙa. A yi gwajin maleriya don a tabbatar, amma a gyara yadda ake aikin.

Gyaran shago

Takunkumi shi ne abin da kowa ke fara ambata, alhali shi ne na ƙarshe a daraja. Na farko shi ne kada ƙurar ta tashi. Ka kankare fenti da shafen zinki daga inda za ka ɗora wuta kafin ka fara. Ka daina hure ƙura da injin iska, ka daina sharar busasshen daɓe da tsintsiya, a yayyafa ruwa a kwashe, a goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙurar da ta kwanta jiya ita yaron shago ke tayarwa da safe ya shaƙe, shi da bai taɓa ko kan walda ba.

Na biyu, wadda ta tashi kada ta bi ta hancinka. Mafi yawan masu waldarmu a waje suke aiki, kuma wannan rahama ce, amma fili kaɗai bai isa ba in kanka yana sunkuye daidai inda hayaƙin ke hawa. Ka tsaya yadda iska za ta ratsa ta gefenka, daga dama zuwa hagu ko akasin haka. In ta bayanka take zuwa, jikinka yana tare ta, hayaƙin ya riƙa juyawa a gaban fuskarka. In a cikin ɗaki ne, fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, a kusa da aikin, ta fi fankar sama da ke dama hayaƙin tana raba wa kowa. Cikin tankin ruwa ko na mota kuwa kada ka shiga walda sai an shigar da iska ta bututu, wani kuma yana tsaye a waje yana kallonka. Injin zuƙe hayaƙi yana da tsada ga mutum ɗaya. Ƙungiyoyin sana'a da ke tara kuɗin biki da na jaje za su iya tara na wannan, ko a keɓe rumfa guda mai injin inda kowa zai kai aikin da ya fi hayaƙi.

Sannan takunkumi. Gilashin walda ido yake karewa, ba huhu ba. Hankici ko bakin rawani ko takunkumin asibiti mai shuɗi suna tare manyan ɓarɓashi, amma hayaƙin ƙarfe ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mafi ƙaranci ka nemi mai alamar N95 ko FFP2, in da hali P100 ko FFP3, ka matse shi ya kama fuska, ka canza shi in ya yi dauɗa ko numfashi ya fara wuya. A nan akwai maganar da masu sayarwa ba sa faɗa: irin wannan takunkumi ba ya kama fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga. Yawancinmu kuwa masu gemu ne, kuma ba wanda zai aske don takunkumi. Akwai mai kama da hular kwano da ke rufe kai duka, da 'yar fanka mai batir tana turo tatacciyar iska, shi ba ruwansa da gemu, sai dai kuɗi. Wanda bai da halinsa ya san cewa tsayuwarsa da iskar wurin aikinsa su ne kariyarsa ta gaskiya.

Madara kuwa, da ake ba yara bayan aiki wai tana wanke ƙirji, abinci ce mai kyau, a sha. Amma ciki take zuwa, hayaƙin kuma huhu ya tafi. Taba sigari ita ce ke ninka ɓarnar, mai walda da ke shan ta ya haɗa wa huhunsa wuta biyu.

Kayan aiki su kwana a shago. Ka sa wasu ka koma gida, ka wanke hannu da fuska kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, na aikin kuma a wanke su daban, ba tare da an kakkaɓe su a tsakar gida ba. Ba sai mun je Ohayo neman misali ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Dalma ƙwaƙwalwa ta fi taɓawa ba huhu ba, amma hanyar da ta bi ta shiga ɗaki ita ce dai wannan.

In ka je asibiti

Tari da ya wuce mako biyu, haki a kan abin da da kake yi ba wahala, rama, kukan ƙirji da dare: kada ka jira. Abu na farko gwajin tarin fuka ne, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta. Kada wannan rubutu ya sa ka raina shi, don a ƙasashenmu shi ne ya fi yawa nesa, kuma wanda ƙurar dutse ko yashin zubi ta yi wa tabo a huhu ya fi kowa saurin kamuwa da shi.

Amma likita yana ganin layin mutane, ba lallai ya tambaye ka sana'arka ba, in ma ya tambaya "aikin hannu" ba amsa ba ce. Ka je da takarda, ka rubuta ko a rubuta maka: wane aiki ka yi, daga wace shekara zuwa wace, wane irin ƙarfe, a fili ko a ɗaki, har da aikin da ka bari tun da daɗewa. Ka faɗa masa in tarin kan lafa lokacin da ka tafi gida hutun Sallah ya dawo da ka koma shago, wannan babbar alama ce ta asmar wurin aiki. Ka faɗa masa in wani a shagonku ko a gidanku yana da irin ciwon.

In an gwada kakinka ba a ga ƙwayar cuta ba, ko ka sha maganin wata shida ba canji, ka roƙi a tura ka wajen likitan ƙirji a asibitin koyarwa, irin na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ko babban asibitin Yamai. A can za a iya sa ka busa na'urar auna ƙarfin huhu, a ɗauki hoton da ya fi na yau da kullum nuna daki-daki. In aka ce maka sakodosis ce, ka sake maimaita tarihin aikinka, don a hoto da ma a ƙarƙashin madubin likita ita da ciwon beriliyom ba a raba su. A wani bincike da aka wallafa a 2006, likitoci a Jamus da Isra'ila sun sake duba mutum 84 da aka ce sakodosis ke damunsu amma aikinsu ya shafi ƙarfen, suka tarar 34 ciwon beriliyom ne.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Maganin da likitoci ke kwantar da irin wannan kumburi da shi, firednisolon da danginsa, ana samun sa a kemis ba takarda, kuma yana sa mutum ya ji sauƙin numfashi da wuri. Aikinsa shi ne danne garkuwar jiki. In akwai tarin fuka a ɓoye, ka buɗe masa ƙofa ke nan. Kada ka sha sai likita ya tabbatar babu shi, shi ne kuma zai faɗa maka yadda za ka rage, don ba a yanke shi rana ɗaya.

Tabon da ya riga ya zauna a huhu ba ya gogewa, abin da ake ceto shi ne sauran. Asmar wurin aiki da ciwon kobalt sukan tsaya, wani lokaci ma su yi sauƙi, in mutum ya bar ƙurar da wuri, su kuma dawo da ƙarfi in ya koma. Na san faɗar "ka bar aikin" ta fi yin sa sauƙi ga mai iyali. Amma a sana'ar ƙarfe akwai awo da zane da sayo kaya da kai aiki wurin mai shi da cinikin ƙofofi. Maigidan da ya ga yaronsa na haki ya mayar da shi ɗaya daga cikin waɗannan, can nesa da wuta, maimakon ya ce raki ne.

Wanda ke aiki a kamfani mai rajista a Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ciwon da aiki ya jawo, ba haɗari kaɗai ba. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun, kuma mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci. A Nijar asusun CNSS ne ke kula da wannan. Akwai wa'adin shigar da buƙata, don haka da likita ya rubuta cewa ciwon na da alaƙa da aiki a sanar da kamfani a rubuce, ka riƙe kofi. Ka ajiye takardar ɗaukar aiki da katin shaida da takardun albashi da duk hoton ƙirjin da aka taɓa yi maka, har wanda aka ce lafiya lau ne, don da shi za a gwada na gaba. Ciwon da kan ɗauki shekara ashirin kafin ya fito yana iya tarar da kamfanin ya rufe ko ya sauya hannu, kuma a ranar ba wanda zai shaida ka taɓa aiki a wurin sai abin da ke cikin jakarka.